Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Dodon da Kawu ya gani

A makon jiya na tsaya a inda Yaya ya samu aiki a Fatakwal ya bar min laftof ɗinsa amana. HP ce ta hannu, ram ɗinta, wato ma'adanar da take aiki da ita, gigabayit 4, Windows 7 a kanta, kuma duk hotunan bikin Anti da takardunsa na makaranta suna ciki. Sharaɗi ɗaya ya kafa min: kada in goge masa komai. Wannan sharaɗin ne ya sa ban taɓa tunanin raba rumbun ajiyarta gida biyu in ɗora wata babbar manhaja a gefen Windows ba, ko da yake haka abokaina na Poli suke yi a 2014. Na ga wanda ya yi hakan a Unguwar Sanusi ya wayi gari babu Windows babu aikin kammala karatunsa.

Abin da nake so in ɗora shi ne Kali Linux. Kamfanin Offensive Security ne ya fitar da ita a watan Maris na 2013, ta gaji BackTrack, an gina ta a kan Debian, wata babbar manhajar Linux, ta zo da ɗaruruwan kayan gwada tsaron kwamfuta: Nmap mai leƙa ƙofofin da aka bari a buɗe, Wireshark mai duba abin da ke wucewa a layi, Metasploit, Aircrack-ng mai gwada tsaron wayafai da sauransu. Hanyar da ta rage min ita ce VirtualBox, manhajar kamfanin Oracle da ake saukewa kyauta. Ita takan yanki wani kaso na ram da na rumbun ajiya ta ƙera wata kwamfuta a cikin kwamfutar. Duk ɓarnar da aka yi a ciki, a ciki take tsayawa. Hotunan Anti ba su san ma ana yi ba.

Ku da kuka san gidanmu a Tudun Wada kun san gidan wanzamai ne. Baba, Allah Ya jiƙansa, in ya wasa aska a gashin hannunsa yake gwada ta kafin ta taɓa kan kowa, har wurin ya zama fili ba ya tsiro. Kullum maganarsa ga yaran gida ita ce, ba a gwada kaifin aska a kan ɗan wani. Da wannan maganar na tashi, ita ce kuma na gani a VirtualBox tun ranar farko.

Sauke Kali ɗin ma wahala ce mai zaman kanta. Fayil ɗin ya kusa gigabayit 3, a lokacin kuwa datar wata guda ba ta kai haka a aljihuna ba. Wani kafe na je a kan titin Ahmadu Bello na biya kuɗin kwana. Wajen asuba aka ɗauke wuta, janareta ya yi jinkirin tashi, mai kafen ya ce ai ya gama sauka, ya zuba min a filash. Na dawo gida, girkawa ta yi nisa sai allo ya yi ja, ya ce an kasa. A shafin Kali akwai wata doguwar lamba ta tantancewa da suke ajiyewa kusa da kowane fayil, in ka lissafa ta naka ba ta zo daidai da tasu ba, to naka ya lalace a hanya ko an taɓa shi. Na lissafa, ba ta zo daidai ba. Na koma da hujjata, mutumin nan ya ce shi bai san wata lamba ba, kwana na saya kuma na kwana. Sai da na sake biya. Shagon ya daɗe da rufewa, yanzu kayan waya ake sayarwa a wurin, amma duk sanda na wuce sai na tuna.

Bayan fayil mai kyau ya samu, sai VirtualBox ta ƙi nuna min zaɓin 64-bit, 32 kawai take jerawa. A nan na koyi cewa masarrafar Intel tana da wani abu da ake kira VT-x, na AMD kuma AMD-V, wanda sai da shi VirtualBox ke nuna zaɓin 64-bit, kuma laftof da yawa a kashe suke zuwa da shi. Sai ka kashe kwamfutar, ka kunna, ka danna F10 a HP ka shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ka kunna shi da hannunka. Hannuna na rawa na yi, don kayan amana ne. Na zaɓi Debian 64-bit, na ba ta rabin ram ɗin, na yanka mata gigabayit 20 na ajiya. Da aka zo wurin da take tambaya ko ta yi amfani da rumbun gaba ɗaya, na daɗe ina kallon allon. Rumbun da take nufi shi ne ɗan gigabayit 20 ɗin nan da na yanka mata, ba ta ma ganin sauran, amma sai da na kwafe hotunan Anti a filash biyu kafin na danna. Yau yaran da nake koyarwa ba su san wannan tsoron ba. Akwai wadda aka riga aka girka, saukewa kawai za ka yi ka buɗe a VirtualBox ko VMware, ka shiga da kali a suna, kali a kalmar sirri. Mu a zamaninmu da root ake shiga, mai cikakken iko, sai a farkon 2020 suka sauya wannan. Ina gaya musu gata ya yi musu yawa, wanda bai taɓa girkawa da hannunsa ba ranar da ta lalace zai tsaya yana kallo.

To, ta tashi. Tambarin Kali hoton wani dodo ne mai fukafuki da doguwar jela, shi ne ya cika allon. Ina zaune a zaure da yamma, na buɗe baƙin allon rubutu haruffa suna gudu, sai ga Kawu na Kawo ya yi sallama. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa da kyau ba, idonsa na kan laftof.

“Kai, wannan mene ne?”

Na ce, “Karatu ne, Kawu. Na tsaron kwamfuta.”

“Tsaro da dodo?”

Bai ƙara ce min komai ba. Da ya ƙara tambayata da na zaunar da shi na nuna masa, amma bai yi ba. A wurin sunan ɗan Goggo, gaban maza cike da rumfa, ya ce yaron gidan wanzamai ya shiga Yahoo, shi da idonsa ya gani. Baffa da ya yi alkawarin ƙara min ram da biyan kuɗin kwas ya janye. Inna ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, tana cewa EFCC za su zo su tafi da ni a gaban maƙwabta. Shekara goma ta wuce da wannan magana, Kawu bai taɓa zuwa ya ce ya faɗi abin da bai sani ba. Muna gaisawa a Sallah. Har ranar ɗaurin aurena sai da wani daga dangin amarya ya ja waliyyina gefe ya tambaye shi gaskiyar abin da suka ji game da sana'ata, kuma na san daga bakin da ta fito.

Baba ne kaɗai ya kira ni ɗakinsa. Bai iya karatun boko ba, bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Tambaya ɗaya ya yi min: “A kan wa kake gwadawa?” Na ɗauko laftof na nuna masa. A gefen Kali na girka wata ta biyu, Metasploitable 2, wadda kamfanin Rapid7 ya yi da gangan cike da ɓaraka domin masu koyo. Na haɗa su biyun da layin da VirtualBox ke kira host-only, wanda ba ya fita intanet, ba ya taɓa wayar kowa ko kwamfutar kowa. Na ce, Baba, wannan tawa ce, wannan ma tawa ce, ɗaya na neman ƙofar ɗaya. Na sa Nmap ta leƙa, ta jero ƙofa ta 21, ta 22, ta 23, ta 80 duk a buɗe. Na nuna masa yadda nake ɗaukar hoton halin da kwamfutar take ciki kafin in fara, in na lalata ta in danna ta koma yadda take. Ya daɗe yana kallo, ya ce, “Gashin hannunka ke nan.” Ya ce wa Inna ta tashi ta ci abinci. Amma bai je ya fuskanci Kawu ba, surukinsa ne, akwai kunya a tsakani, kuma wannan ya tsaya min a rai har bayan rasuwarsa.

Da aka sa hannu a dokar laifukan intanet a 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya kutsa kwamfutar wani ba izini da niyyar zamba, ni ba ta zo min da sabon abu ba, Baba ya riga ta. Har yau samari kan zo shagona su ce in sa musu Kali, in ka bi zancen sai ka ji Facebook ɗin budurwa ake son buɗewa ko wayafai ɗin maƙwabci. Nakan yi musu tambayar Baba. Wanda ya kasa amsawa ba na taɓa kwamfutarsa, ko nawa zai biya. Irinsu ne suka sa maganar Kawu ta samu kunnen saurare tun farko.

Abin da ya rage min a lokacin shi ne gwajin wayafai. Kwamfutar cikin VirtualBox ba ta ganin katin wayafai na laftof a matsayinsa, kamar waya aka jona mata take ɗaukarsa, don haka Aircrack-ng ba ta da abin kamawa. Dole sai an sayi kati na daban mai shiga USB, irin na kamfanin Alfa, da ƙaramin rauta nawa na kaina da zan gwada a kai. Baffa ya janye, Yaya bai fara ɗaukar albashi ba. Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah na shiga ɗakin Baba na ce ya ara min zabirarsa, zan zauna aski a bakin Kasuwar Barci. Yadda ta kaya a can, da wanda ya fara zama a gabana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.