Daga ɗakin zane zuwa bangon baje koli

Shekara 19 ke nan ina cin abinci da buroshi. Ɗakin aikina ba wani babba ba ne, mu huɗu ne a ciki: ni, da kafintan da ke haɗa mana firam da akwatuna, da matasa biyu masu koyo, namiji da mace. Ita macen ce ke riƙe da littafin rajistar zane, domin hannunta ya fi na kowa tsabta a rubutu. Idan aka ce mai zane, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wani tsaye gaban kyalle yana shafa launi. Wannan yana nan, kuma shi ne daɗin sana'ar, amma bai kai rabin aikin ba. Sauran aikin yana tsakanin ranar da na ajiye buroshi da ranar da zanen ya hau bangon da baƙi za su gan shi.

Kafin launi ya taɓa kyalle akwai aikin kwana uku. Za a ɗame kyallen a kan katako, a fara daga tsakiyar kowane gefe a nufi kusurwa, har sai in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa ya amsa kamar ganga. Sai farin shafen farko, sau uku, ana gogewa da sanfefa tsakanin kowane shafe. Wanda ya tsallake wannan, man fentin zai ratsa zaren ya cinye shi a hankali, bayan wasu shekaru kyallen ya zama kamar busasshen ganye. Mai saye ba zai taɓa ganin wannan aikin ba, amma jikansa zai ga sakamakonsa.

Fentin mai nake amfani da shi, kuma shi ne ya koya mini haƙuri. Ba ya bushewa yadda jiƙaƙƙen tufa ke bushewa a igiya. Man da ke cikinsa iska yake sha, ya riƙa ƙanƙarewa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa. Sama kan bushe cikin kwanaki, a taɓa ba ya kama hannu, alhali ciki ɗanye ne sharaf. Shi ya sa ake fara shafe da fenti mai ƙarancin mai, a riƙa ƙara man yayin da ake hawa sama. In aka juya tsarin, na sama zai riga na ƙasa bushewa, ya tsattsage. Banish na ƙarshe kuwa, wato shafen ƙyallin da ke kare fentin, sai zane ya yi aƙalla wata shida. Don haka idan gidan baje koli ya ba ni rana, da baya nake ƙirgawa: sati uku na jigila da kwastam, sati ɗaya na ɗaukar hoto da shiryawa, watannin bushewa, abin da ya rage shi ne lokacin zane. Masu fentin akirilik ba su da wannan damuwa, nasu cikin mintuna yake bushewa. Na gwada shi shekara biyu, na dawo, domin ina son fentin da zan iya komawa washegari in tarar yana jirana in gyara gefen fuska ko inuwar wuya.

Ranar da na karya wannan lissafi ba zan manta da ita ba. Baje kolina na biyu a ƙasar waje ne, akwai babban zane na wata tsohuwa zaune a bakin ƙofa, wanda na gama sati biyu kacal kafin tafiya. Malamina, Allah ya jiƙansa, ya zo ya duba. Ya ɗora bayan yatsansa a kan shuɗin mayafinta, ya sunsuna kyallen, ya ce, "Yaro, wannan bai isa tafiya ba." Na ce, "Malam, ai shi ne a jikin katin gayyata." Ya yi shiru. Na naɗe shi da ledar nan mai ƙurajen iska, kai tsaye a kan fentin. Da aka buɗe akwatin bayan kwana 12, duk mayafin ya cika da tambarin ƙurajen, layi-layi kamar saƙar zuma. Na kwana biyu ina gyara a ɗakin ajiyar gidan, aka rataya shi, amma ni na san ba shi ba ne. Ban sayar da shi ba, yana nan a ɗakin aikina, kuma duk wanda ya zo koyo shi nake fara nuna masa.

Yanzu ba abin da ke taɓa fuskar zane. Kafintanmu yana yin akwatin da zai riƙe shi ta gefuna da kusurwa kawai, da tazarar iska tsakanin fentin da murfi. Katakon filawud muke amfani da shi, saboda ƙa'idar duniya mai suna ISPM 15 ta ce duk akwatin ɗanyen katako da zai ƙetare iyaka sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, a buga masa tambari, don kada ya kai ƙwari wata ƙasa. Filawud ba ya cikin wannan sharaɗi. Idan zanen ya yi girman da akwatinsa zai fi ƙarfin aljihu, sai mu cire shi daga katako mu naɗe a kan faffaɗan bututu, fentin yana waje. Sababbin hannu kullum ciki suke so su mayar da fentin don su kare shi, alhali hakan ne ke matse shi ya fashe in an warware.

Sai takardu. Kowane zane yana da suna, da shekara, da tsawo da faɗi a santimita, da kayan da aka yi shi da su, da ƙimarsa, domin inshora da kwastam. Wasu ƙasashe suna karɓar takardar ATA Carnet, wadda ke ba kaya damar shiga na ɗan lokaci ba tare da biyan haraji ba, ta yi aiki shekara guda, bisa sharaɗin abin da ya shiga ya fita. Inda babu ita, sai an ajiye kuɗin jingina. Tina da sauran ruwan tsinka fenti ba sa hawa jirgi, masu kama wuta ne. In na sauka nake saye.

Duk wannan wahalar tafiya ce, amma tafiyar ita ta gyara mini ido. Kowane gari da haskensa. A Dakar teku na kewaye da birnin ta gefe uku, hasken yana da fari-fari da ɗanshi, inuwa ba ta yin baƙi ƙirin. Na je lokacin Dak'Art, bikin da ake yi duk bayan shekara biyu, wanda tun 1996 ya mayar da hankali kan fasahar Afirka ta zamani. Ban shiga babban zaure ba, a ɓangaren da suke kira OFF na nuna aikina, inda ake baje koli a gidaje da tsakar gida da otal-otal ko'ina cikin gari. A Marakesh ta Maroko kuwa bangayen garin jajaye ne, sai hasken ya daki bango ya dawo kan fuskar mutum da ɗumi; can na fara sa ɗan ja a cikin inuwa maimakon baƙi. Baje kolin 1-54 ne ya kai ni, wanda Touria El Glaoui ta fara a Landan a 2013, aka buɗe na Marakesh a 2018, sunan kuma yana nufin nahiya ɗaya mai ƙasashe 54. A Benis ta Italiya, inda ake babban bikin fasaha tun 1895, haske daga ƙasa yake tasowa, daga ruwa, yana rawa a ƙarƙashin gadoji. Kallo kawai na je yi, na cika littafin aljihu biyu da zanen fensir.

Ba ni na fara gano wannan ba. Mai zanen Faransa Claude Monet ya zana tulin damman hatsi kusan sau 25 tsakanin 1890 da 1891, abu ɗaya a gona ɗaya, da safe da yamma, cikin rani da cikin ƙanƙara, don ya nuna cewa haske ne ke canzawa. Abin da ya ba irinsu damar fita fili da kayan aiki shi ne bututun fenti na ƙarfe mai laushi, wanda wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro a 1841. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fenti, a huda a matsa. Duk lokacin da na murɗe murfin shuɗi nakan tuna cewa da can daga dutsen lapis lazuli na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, tsadarsa tana gogayya da zinariya, har sai da aka iya haɗa shi a masana'anta a Faransa wajen 1828.

A kowace tafiya ina ware yini guda don gidan adana zane, kuma ba don hutu ba. A Amsterdam na tsaya fiye da awa gaban babban zanen da Rembrandt, mai zane ɗan Holan, ya yi a 1642, wanda ake kira Masu Gadin Dare. A 1715 an yanke gefunansa domin ya shiga wani bango a zauren birnin. Wato har shi bango ya yi wa hukunci. Tun daga ranar ba na fara babban aiki sai an aiko mini da awon bangon da faɗin ƙofar da za a shigar da shi. A Amsterdam ɗin dai na ga zanen da Van Gogh, shi ma mai zane ɗan Holan, ya yi na ɗakin kwanansa a 1888. Bangon ɗakin shuɗi ne yanzu, alhali shi shunayya ya zana. Jan da ke cikin haɗin ne ya koɗe da haske. Shi ya sa ba na sayen fenti sai na duba alamar juriyarsa ga haske a jikin bututu, ko da mai arhar ya fi kyau a ido yau.

Ranar ratayewa ta fi mini daren buɗewa muhimmanci. Mukan jingina zanukan duka a ƙasa, jikin bango, mu yi ta sauya musu wuri. Zane biyu masu ƙarfi in suka yi maƙwabtaka faɗa suke yi, sai a sa mai sanyi a tsakaninsu. Tsakiyar kowane zane tana zama wajen santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Fitila a karkace take sauka daga sama, in ba haka ba banish zai yi ƙyalli, mai kallo ya ga fuskarsa maimakon aikin. Ɗakin yana son laimar iska wajen kashi 50 cikin 100. Ta yi yawa kyalle ya saki, ta yi kaɗan katako ya tsuke. Wata rana ɗalibata ta ce, "Maigida, ƙaramin nan na bakin ƙofa ba wanda zai gan shi, kowa zai wuce shi da sauri." Muka mayar da shi bangon ƙarshe, shi kaɗai. Shi aka fara liƙa wa jan ɗigo, alamar an saya.

Maganar kuɗi kuma dole a yi ta a fili. Galibin gidajen baje koli rabi suke ɗauka daga kuɗin zane. Masu tasowa kan ji wannan su ce zalunci ne. Ni ban ɗauke shi haka ba idan gidan yana aikinsa: hayar wuri, ma'aikata, buga kundin hotuna, da masu sayen da ya yi shekaru yana tarawa. Abin da ba na yarda da shi shi ne aiki da baki. Wani gida ya taɓa sayar da zanena uku, na yi wata 14 ina bin kuɗina, saboda babu takardar da ta faɗi ranar biya. Yanzu ko zane ɗaya ba ya fita sai an sa hannu: guda nawa ne, nawa ne farashi, ragin da aka yarda a yi wa mai saye, wa zai biya jigilar dawowa, kwana nawa bayan ciniki za a biya ni. Ni ma akwai amanar da ke kaina. Idan wanda ya ga aikina a gidansu ya zagayo ɗakina yana neman sauƙi, farashin ɗaya ne, kuma kason gidan yana nan.

Baje koli ba ya ciyar da ɗakin aiki shekara duka. Zanen fuskoki da ake ba ni kwangila, da darasin ƙarshen mako, su ke biyan albashi a watannin da babu ciniki. Rabin kuɗin kwangila nake karɓa kafin in fara, kuma sau biyu kawai ake zuwa duba aiki kafin a gama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk yawon nan ba ciniki ba ne. A wani baje koli wani dattijo mai share ɗakin ya riƙa tsayawa gaban zane ɗaya kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, zanen hannuwan wata mata tana ɗaure wa yaro takalmi. Ba ma jin harshen juna. Ranar rufewa ya kama hannuna ya kai ni gaban zanen, ya nuna hannuwan, ya dafa ƙirjinsa. Na cire shafi daga littafin aljihuna, wanda na fara gwada zanen hannuwan a kai, na ba shi.

Daga waccan tafiya zane bakwai cikin 16 suka dawo. Mun buɗe akwatunan bayan sun kwana a ɗaki sun saba da iskarsa, ɗalibata tana karanta lamba ina duba kusurwa da fitilar hannu. Ɗaya ya ɗan saki, kafinta ya buga masa ƙananan katakan kusurwa ya sake ɗamewa. Baje koli na gaba watan Oktoba ne, zane 12 ake so, tara sun bushe, uku suna jingine suna shan iska, kuma na riga na faɗa wa gidan cewa in na ƙarshen bai isa tafiya ba, da 11 zan zo.