Alhamdulillah mun koma aji, ga godiyata

Salam 'yan uwa da abokan arziki. Cibiyarmu ta koyar da Turanci da musayar al'adu ta sake buɗewa a Sudan, sai dai ba a Khartoum ba, a Port Sudan muka kama ɗan gida muka jera benci, kuma wallahi ba zan iya yin shiru ban gode wa mutane ba.

Waɗanda suka san ni sun san yadda aka yi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 muna cikin azumi, saura kwanaki kaɗan Sallah, faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF, mu kuma unguwarmu dab da filin jirgi take, ba wuta ba ruwan famfo, in ka leƙa taga ma sai an ja ka baya. Maƙwabciyarmu Hajiya, dattijuwa 'yar ƙasar, ita ta riƙa tsiyaya mana ruwan da ta tara a jarka, da magariba ta aiko jikanta da kisra (gurasar dawa) da ful (dafaffen wake) a rufe da faranti alhali gidanta cike yake da yara. Hajiya duk inda kike Allah ya saka miki da Aljanna, har yau ina cigiyarki.

Na gode wa ɗaliban Najeriya da suka tsaya kan jerin sunaye har muka samu mota zuwa iyakar Masar, daga nan Aswan, daga nan Abuja.

Amma babbar godiyata ta ɗalibaina ce, don su suka hana aikin nan mutuwa. Sun watse, wasu Alƙahira, wasu Kampala, wasu sansanin Adre a Chadi, amma grup ɗinmu na WhatsApp bai taɓa mutuwa ba. Akwai yarinyar da take rubuta aikinta a bayan kwali ta ɗauki hoto, sai tsakar dare in netwok ya zo ta turo, ta ce ustaz a gyara min ina da intabiyu na aikin tafinta da masu agaji. Dan Allah wa zai ga wannan ya ce ya gaji? Su Turancin nan abinci ne a wurinsu da hanyar samun gurbin karatu.

Hausawan Port Sudan da suka nemo mana gida suka tsaya mana wajen mai gidan, Allah ya bar zumunci. Baba da Inna, na san da ƙyar kuka yarda na dawo, musamman da kuka ji labarin jirage marasa matuƙa da suka kai hari garin a Mayun 2025, na gode da albarkarku. Uwargida, Allah ya biya ki haƙurinki.

Darasi bayan la'asar ne, daren Alhamis kuma zaman al'adu da jabana (gahawar Sudan), kowa ya ba da labarin garinsu da Turanci, ni wannan makon hawan Sallar Kano zan kawo. Littattafanmu duk a Khartoum muka baro su, wanda yake da tsofaffin littattafan Turanci ko ƙamus ya yi min magana ta inbox. Ku sa mutanen Darfur a addu'a, har yanzu suna cikin wahala.