Camry Muscle: jiki ɗaya, inji uku, kowanne da halinsa

Idan ka shiga wurin dillalan mota a Kano ko Kaduna ko Abuja ka ce Muscle kake nema, za a jera maka motoci biyar da ido ba zai iya raba su ba. Amma a ƙarƙashin bonet inji uku ne daban-daban, kowanne da cutarsa da irin bakin man da yake so. Muscle ita ce Camry da Toyota ta fitar daga 2007 zuwa 2011, kuma yawancin na titunanmu daga Amurka suka zo, ko da dillali ya rantse maka 'yar Beljiyom ce.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, mai inji lita 2.5 ta 2010 da 2011 ta fi dacewa da yawancin mutane, V6 mai silinda shida ta fi daɗin tuƙi, mai 2.4 kuwa ta fi yawa da araha, kuma ita ta fi buƙatar a buɗe ido kafin a biya.

Kafin komai, kada ka yarda da fuska. Masu gyaran jiki sun ƙware wajen ɗora wa 'yar 2007 bamba da fitilu da ragar gaba ta 2010, a sayar da ita a matsayin sabon samfuri. Leƙa lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, mai haruffa da lambobi 17. Na biyar shi ke faɗin inji: E na nufin 2.4, F na nufin 2.5, K kuma V6. Na goma shi ne shekara: 7, 8, 9, sai A a matsayin 2010, B a matsayin 2011. Ka haɗa da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka ga sun yi daidai.

Injin 2.4 sunansa 2AZ-FE, ƙarfin doki 158, da giya mai hawa biyar. Shi ne a Muscle ta 2007 zuwa 2009. Inji ne mai sauƙin aiki, sarƙar taimin gare shi ba bel ba, kayansa kuma sun cika Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo, babu bakaniken da bai taɓa kwance shi ba. Aibinsa ɗaya ne babba: shan bakin mai. Wannan ba zancen gareji ba ne, Toyota da kanta ta amince da matsalar, ta fitar wa dilolinta sanarwar gyara a 2011, daga baya ta tsawaita garanti a Amurka.

Ga yadda abin yake faruwa. Kowane fistin yana da zobba uku. Biyu na sama su ke riƙe matsi, na ƙasa kuma aikinsa kankare bakin mai daga bangon silinda, ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ƙananan ramuka da ke jikin fistin. A wannan injin ramukan suna saurin toshewa da ƙonannen mai, zoben ya maƙale a gurbinsa, man da ya kamata ya koma ƙasa sai ya tsaya a bango ya ƙone tare da fetur. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, in an auna matsin silinda sau da yawa za a same shi lafiya lau, domin zobban sama ba su da laifi. Haka kuma ba lallai ka ga shuɗin hayaƙi ba, tunda tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa tana cinye mafi yawansa, har ranar da ita ma za ta toshe. Don haka in bakanike ya auna matsi, ya leƙa salansa, ya ce maka inji garau ne, bai gama aiki ba.

A kwance fulogi huɗun a jera su. Wanda ya yi baƙin danshi, ko farin ɓawo mai kauri kamar toka ya taru a bakinsa, silindarsa tana ƙona mai. In akwai ƙaramar kyamarar leƙa cikin silinda, a zura ta ramin fulogi: kan fistin da gefensa ya yi fes alhali tsakiyarsa baƙi ƙirin, mai ne ke wanke shi. Wanda ya riga ya sayi motar kuwa, awo ya fi gardama. A yi sabis, a cika mai daidai alamar sama ta sandar awo, a rubuta abin da mita ta nuna. Ma'aunin da Toyota ta yi amfani da shi shi ne kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato kilomita 1,900 da 'yan kai. In ya sha haka ko fiye, ciki ya taɓu. Ka tuna mitar motar Amurka da mil take ƙirga, kada lissafi ya rikice maka.

Kafin a sauke inji a fara da mai araha. Akwai ɗan bawul na numfashin inji a saman murfin kai, PCV ake ce masa, in ya maƙale yana tura mai cikin manifol. A kwance a girgiza, in bai yi ƙara ba a canza. In hayaƙin da safe kawai yake fita, ya ɗauke bayan minti ɗaya, robobin bawul ne suka bushe, wannan aikin kan inji ne. In duka biyu lafiya, to sai fistin da zobba, kuma gyaran gaskiya shi ne a sa fistin samfurin da aka gyara tare da sababbin zobba. Sa sababbin zobba a tsohon fistin ba tare da an buɗe ramukan ba, kashe kuɗi ne sau biyu. Sayen wani injin Beljiyom ma caca ce, domin daga gida ɗaya suka fito, cutar ɗaya suke ɗauke da ita.

A nan ne nake rabuwa da yawancin garejinmu. Da zarar inji ya fara shan mai, shawarar farko ita ce a zuba masa 20W-50, wai ƙasarmu da zafi. Shan zai ɗan ragu na wani lokaci, gaskiya ne. Amma murfin man wannan injin 5W-20 ko 0W-20 ya rubuta, kuma tsarin VVT-i da ke juya taimin da matsin mai yake aiki, ta hanyoyi sirara da 'yar raga mai saurin toshewa. Mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, ya kuma ƙara cushe ramukan da su ne asalin matsalar. Zafin Sakkwato ko Maiduguri bai kai zafin cikin inji ba, inji mai lafiya kusan digiri 90 yake aiki ko a ina yake. Ga injin da ya tsufa, 5W-30 mai kyau ya isa. Yana cin lita 4.3 tare da filta, kuma a ƙurar hunturu da cunkoson gari ni ba na son a wuce kilomita 5,000 ba a canza ba.

Wani tsohon ciwon 2AZ, wanda ya fi addabar Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006, shi ne zarewar zaren ƙusoshin kan inji a bayan bulok, wajen manifol. Bulok ɗin alminiyom ne, in ya sha zafi sosai zaren ya saki, ruwa ya riƙa tsiyaya ta baya. Canza gasket kaɗai ba ya magance shi, sai an dasa sabon zare na ƙarfe a ramukan. A Muscle abin ya ragu, amma duk wadda aka ce maka ta taɓa ɗaukar zafi, sa hannu a bayan inji ka laluba.

Injin 2.5, wato 2AR-FE, ba shi da dogon labari, kuma wannan yabo ne. Ƙarfin doki 169, ko 179 a samfurin SE, giya mai hawa shida, VVT-i a ɓangaren shiga da na fita. Ya fi 2.4 ƙarfi kuma ya fi shi tsimin fetur. Bakin mansa 0W-20, lita 4.4. Filtarsa ba gwangwani ba ce, takarda ce da ake sa wa cikin gida mai murfi, kuma murfin yana da sifanarsa ta musamman. Yaran gareji su kan buga shi da guduma da kurfi har ya tsage, ko su manta da sabuwar robar da ke zuwa cikin kwali. Abin dubawa shi ne famfon ruwa, ka nemi busasshen jan tabo a gefensa, sai 'yar ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa biyu in an tayar da safe.

V6 ɗin, 2GR-FE mai lita 3.5, ƙarfin doki 268 ne a motar iyali. Wanda ya taɓa wuce tirela biyu a jere da ita a hanyar Zariya ya san abin da ake nufi. Mutane suna gudunta saboda fetur, musamman tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, amma a doguwar hanya tazararta da 2.4 ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, domin giyarta shida ce kuma injin ba ya wahala. A cikin gari ne take cin aljihu, da kuma ƙafar mai ita, don ba a iya haƙuri da ita.

Abu ɗaya da dole a duba a na farkon shekarun shi ne bututun man VVT-i da ke zagayawa ta bayan inji. Na asali yana da guntun roba a tsakiya, in ya fashe mai yana tsiyayewa cikin mintuna kaɗan, kafin direba ya farga inji ya buga. Toyota ta kira motocin don canza shi a 2010, kuma akwai wanda ƙarfe ne gaba ɗaya. In ka ga roba, canza shi kafin tafiyar farko. Sai batun fulogi: uku na gaba a fili suke, uku na baya sai an ɗaga manifol na sama. Shi ya sa za ka tarar da motoci masu sababbin fulogi uku da tsofaffi uku. In an buɗe, a sa na iridiyom na asali, Denso FK20HR11, a canza gasket ɗin manifol, a duba kwayil na baya tun ana wurin. Tana cin lita 6.1 na bakin mai, galan ɗaya ba ya isa, a sa wannan a lissafin sabis.

Duk ukun abu ɗaya ke kashe su a hannunmu fiye da kuskuren masana'anta: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Tamostat yana buɗewa a wajen digiri 82. In babu shi inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara fetur, rarar fetur ta wanke bangon silinda ta gangara cikin bakin mai. Ga ƙarin shan fetur, ga baƙin da ke toshe zobba. Motar da ke ɗaukar zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya daina riƙe matsi, famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi. Ruwan rijiya ko na leda kuwa yana barin gishiri da tsatsa a ciki. Ruwan Toyota mai launin hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai.

Giya kuma man WS take sha a dukkansu, ba jan man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba. Masu hawa shida ba su da sandar awo. Ana daidaita man ne ta wata ƙusa a ƙasan tiren giya, mota a shimfiɗe daidai, inji yana aiki, zafin man yana wajen digiri 40, kuma da na'urar kwamfuta ake karanta zafin. A lokacin gwajin tuƙi, bari mota ta yi sanyi tukuna, sannan ka taka a hankali ka saurari shiga ta uku zuwa ta huɗu, musamman a V6 ta 2007. In allurar juyin inji ta yi tsalle sama kafin giya ta kama, ka rage kuɗin giya daga farashin, ko ka duba ta kusa da ita.