Mayar da ƙara wata kotu: hurumi daban, rashin yarda da alƙali daban

Mutum biyu ne kan ce wa lauya a ɗauke musu shari'a daga inda take. Ɗaya ƙararsa ta faɗa kotun da ba ta da hurumi, ɗayan kuwa alƙalin ne bai kwanta masa a rai ba. Ƙofar da kowannensu zai bi daban ce.

Batun hurumi ya fi nauyi, domin kotun da ba ta da shi, ko shekara goma ta yi tana sauraron shaidu, aikin banza ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba aikin tsakanin kotuna. Sashe na 251 ya ba Babbar Kotun Tarayya irin su harajin gwamnatin tarayya, kwastan da tafiyar da kamfanoni. Sashe na 254C, wanda gyaran 2010 ya kawo, ya miƙa rikicin ma'aikaci da uban gidansa ga Kotun Ma'aikata. Wanda aka kora daga aiki ya garzaya Babbar Kotun Jiha, ya yi ɓatan kai tun daga ranar farko.

Idan Babbar Kotun Tarayya aka kai ƙarar bisa kuskure, da sauƙi. Sashe na 22(2) na dokarta ya hana alƙali korar ƙarar saboda wannan dalili kaɗai, sai dai ya tura ta Babbar Kotun Jihar da ta dace. Akasin haka ne ke da ƙaya. Sashe na 22(3) ya ce ita ma kotun jiha ta tura, amma a 2006, a shari'ar Fasakin Foods da Shosanya, Kotun Ƙoli ta ce dokar tarayya ba za ta tsara wa Babbar Kotun Legas yadda za ta yi aikinta ba. Don haka sai lauya ya buɗe dokar kotun jiharsa ya ga ko ta ba alƙali ikon turawa. In ba ta ba shi ba, kora ce, sai a sake biyan kuɗin shigar da ƙara, a sake kai sammaci.

Mai ƙorafi a kan alƙali kuwa hanya biyu gare shi. Ko lauyansa ya roƙi alƙalin a buɗaɗɗiyar kotu ya tsame hannunsa, tare da takardar rantsuwa mai bayyana dalili, ko a rubuta koke zuwa ga Babban Jojin Jiha, in kotun shari'ar Musulunci ce kuma a bi ta ofishin sufeton kotuna ko na Girand Kadi, wato shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Koken ya ɗauki lambar ƙara, sunayen ɓangarori, kotun da ake ciki, da abin da ya faru ranar kaza ga watan kaza. A ba lauyan ɗaya ɓangaren kwafi. Dalili mai ƙarfi shi ne dangantaka tsakanin alƙali da abokin shari'a, ko ya taɓa zama lauya a maganar, ko yana da wani amfani a dukiyar da ake jayayya a kai. "Ya ƙi roƙona sau biyu" ba son kai ba ne a idon doka, wannan maganar ɗaukaka ƙara ce. Koke da yawa a nan suke mutuwa, sannan mai shi ya koma gaban alƙalin da ya zarga.

Abin da nake so kowa ya auna kafin ya sa hannu shi ne, sabon alƙali daga farko yake somawa. Dole ya ji shaidu da kunnensa. A rikicin gona ko gado, inda shaidun dattawa ne, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Idan shaida ya rasu, sashe na 46 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi bayanin da ya bayar a baya, muddin abokin shari'a ya sami damar yi masa tambayoyi a lokacin. Saboda haka a nemi kwafin zaman kotu mai hatimi tun kafin fayil ya bar wurin magatakarda.

Bayan an ba da umarni, a bi fayil ɗin ƙafa da ƙafa, don yakan kwana watanni tsakanin ofis biyu ba wanda ya tambaya. A karɓi sabuwar lambar ƙara, a kuma tabbatar an kai wa ɗaya ɓangaren takardar sanar da ranar zama. Hukuncin da aka yanke ba tare da ita ba, ana iya rushe shi gaba ɗaya.