Kurakurai biyu da na yi a ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa

Ƙannena da kuka kama aikin jirgin ƙasa kwanan nan, a shekarun da na riƙe sakataren reshe na ƙungiyarmu na tafka kurakurai biyu, kuma na farkon har yau yana ci mini rai. Leburorin gyaran layin dogo da masu wanke taragu, waɗanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila, sun zo neman rajista, ni kuwa na tsaya kai da fata cewa ƙungiya ta ma'aikatan dindindin ce kaɗai. Da muka tsunduma yajin aiki kan albashi, su aka sa suka riƙe tashoshi, manyan jami'ai suka ja jiragen kaya, har muka koma aiki hannu rabbana. Ban ga laifinsu ba, domin mu muka fara rufe musu ƙofa.

Sai daga baya na san cewa wasu sun riga ni faɗawa wannan rami. A 1894 ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Amurka da Eugene Debs ya jagoranta ta ƙi karɓar baƙaƙen fata, kuma a shekarar ce yajin aikin da ta jagoranta kan Pullman, kamfanin taragun kwana, ya rushe bayan gwamnati ta tura sojoji. Baƙaƙen da ke hidima a taragun kwana sai a 1925 suka kafa tasu ƙungiyar ƙarƙashin Philip Randolph, suka yi shekara 12 suna fafutika kafin kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da su.

Kuskure na biyu shi ne wasiƙun neman goyon baya daga ƙungiyoyin ƙetare, ciki har da na tarayyar ma'aikatan sufuri ta duniya da aka kafa a 1896, waɗanda na riƙa jefawa a durowa ina ganin ba ruwanmu. Ranar da muka buƙaci a yi magana da yawunmu, babu wanda ya san da mu. Alhali yajin aikin da aka fara ranar 10 ga Oktoba 1947 a yankunan Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka ya kai wata biyar ne saboda ma'aikatan Dakar da Bamako da sauran layukan sun tsaya kan buƙata ɗaya, wato tsarin aiki daidai da na Turawa.

Don haka ku yi wa 'yan kwangila rajista tun ana zaman lafiya, ku amsa kowace wasiƙa ko da da layi biyu ne, kuma ku tambayi takwarorinku na ƙetare abin da ya sami albashinsu da fanshonsu bayan an miƙa layinsu ga 'yan kasuwa.