Tsohuwar mota a kan rami: a gyara ko a haƙura?

Yawancin motocin da ke kwana a garejina tsofaffi ne, kuma masu su da tambaya ɗaya suke zuwa: "Maigida, in gyara ko in rabu da ita?" Garejin ƙarami ne, ni da yarana da rami ɗaya. Da kuɗin aiki muke rufa wa kanmu asiri, don haka duk ranar da na ce wa mutum kada ya gyara, aljihuna na taɓa. Duk da haka ina faɗa, domin motar da aka narka wa kuɗi ta sake mutuwa a hanya bayan wata biyu, da sunana za a riƙa jan ta.

Ba na amsa tambayar a tsaye. Sai motar ta hau rami na shiga ƙarƙashinta da fitila, kuma shasi nake fara dubawa, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da motar. Injin ana sauke shi a ɗora wani, giyabos ma haka. Amma idan tsatsa ta cinye inda ƙafafun mota suke ɗaure, ko an taɓa mummunan haɗari aka miƙe shasin da wuta, to magana ta ƙare. Walda za ta toshe ramin, ba za ta dawo wa ƙarfen da ƙarfinsa ba. Irin wannan mota takan cinye taya ta gefe ɗaya komai saitin da aka yi mata, ranar karo kuma ba za ta kare na ciki ba. Ƙyallin fenti ba ya shiga lissafina ko kaɗan.

In shasi lafiya, sai injin. Ina so a bar mini motar ta kwana, in tayar da ita da safe tana sanyi, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye aibinsa. Ina tsayawa bayan salansa in kalli hayaƙi. Baƙi ba ya tayar mini da hankali, mai ne ya yi yawa, galibi gyaransa ba nisa. Shuɗi na nufin injin yana ƙona baƙin mai, wataƙila ringi sun gaji. Wanda na fi tsoro shi ne fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa ba a ganin inda yake zuba, ga baƙin mai ya koma fari-fari a jikin murfi. Wannan gasket ɗin kan injin ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da baƙin mai shiga silinda, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: allurar zafi ta hau ja, direba ya ce bari in ƙarasa gida. Kan injin na yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi. Daga nan sai mu cire fulogai mu auna matsin kowace silinda. Idan sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, injin yana da sauran rai ko da mita ta nuna tafiya mai yawa. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa warwas, dole a buɗe.

Akwai abin da ke ba ni takaici, wato bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin. Kamfanoni da yawa suna cewa a canza shi wajen kilomita 100,000, wasu ƙasa da haka, wasu sama, yana nan rubuce a littafin motar. Mutane suna tsallake shi saboda ba ya ƙara, ba ya ba da wata alama. A injuna da yawa, ranar da ya tsinke fistin yana dukan bawul, aikin yini ɗaya ya koma sauke injin. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota bai san tarihinta ba, na kan ce ya fara da shi, in dai injin nata mai bel ne ba mai sarƙa ba.

Ana yawan tambayata yadda za a gane makaniki na ƙwarai, musamman waɗanda suka sha wuya a hannun wasu. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka sokat ɗin da ake jona kwamfuta, na Turai masu fetur suka biyo baya a 2001, don haka yau makanikai da yawa suna da na'urar karanta lambar matsala da motar take fitarwa. Sai dai lambar wurin ciwo kawai take nunawa. P0300, alal misali, cewa take injin yana tsallake wuta, ba ta ce fulogi ne ko kwayil ko injekta ko iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Wanda ya karanta lamba ya ce a sayo kaya nan take, da kuɗinka yake canki-canka. Haka wanda aka ce masa batir yana mutuwa ya ce a sayi sabo bai ɗora mita ba. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 idan injin yana kashe, idan injin yana aiki kuma ya kai kusan 14, in bai kai ba to altaneta ce, mai cajin batir, ko wayoyinta. Ka gwada makaniki da ƙaramin aiki tukuna, kamar juyen mai ko canza birki. Ka lura ko zai kira ka ƙarƙashin mota ya nuna maka da yatsa, ko zai raba maka kuɗin kaya da kuɗin aiki, ko zai miƙo maka tsohon abin da ya cire ba sai ka roƙa ba. Ka kuma saurari ko ya iya cewa "wannan ba fannina ba ne". Ni kaina ba na buɗe giyabos mai canza kansa, wurin wanda ya ƙware nake turawa.

Wasu suna bin ƙa'idar cewa in kuɗin gyara ya haura rabin darajar mota a sayar. Ban cika yarda da ita ba. Abin da nake tambayar mutum shi ne: "Alhaji, kuɗin gyaran nan da kuɗin da za ka samu in ka sayar, in ka haɗa su, wace mota za su saya maka?" Sau da yawa wata tsohuwar ce, wadda ba ka san wanda ya azabtar da ita ba, alhali taka ka san ranar da aka canza mata kuloci. Inda nake cewa a haƙura shi ne idan manyan abubuwa biyu suka haɗu, injin da giyabos, ko ɗayansu da tsatsa, ko kuma kayan gyaranta sun yi wuyar samu har mota ta riƙa yin makonni a ajiye, mai ita yana biyan haya.

Wanda ya yanke shawarar gyarawa kuma kuɗinsa ba su kai duka ba, ina rubuta masa aikin daki-daki a takarda. Birki da sitiyari da taya ne a sama, ba na barin mota ta fita da matsala a cikinsu ko mai ita zai yi fushi. Sai lagireto da fanka da famfon ruwa, sai inda mai ke yoyo. Na'urar sanyaya ciki da fenti suna ƙasan takardar, za su iya jira har ƙarshen shekara.