Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Akwatin Rediyon Baba

Makon jiya na tsaya a kan rabon kayan Baba, to yau bari in yi maganar rediyon nan don har yanzu wasu a gida a karkace suke ba da labarin. Ranar rabo ba wanda ya ko kalle shi, Yaya Babba ma cewa ya yi a ba yara su yi wasa, alhali shi ya ɓata shi tun Baba na da rai.

Philips ne na shekarun 1950, mai ƙwayaye a ciki, irin wanda in ka kunna sai ka jira sun ɗau zafi kafin ka ji magana. Akwatin katako ne ruwan ƙasa mai sheƙi, Yaya ya samo ragowar koren fentin mai da aka shafa wa ƙofa ya lafta masa har kan maɓallai, wai ya tsufa. Baba ya daɗe yana kallonsa, abin da ya ce kawai garin neman gira an rasa ido. Bai ƙara kunna shi a gabanmu ba.

Shekarun da ya yi a ɗakin ajiya ba zan shiga cikinsu ba. Da na ɗauko shi na zare maɓallan, na kwance sukurorin ƙasa na fito da injin gaba ɗaya na miƙa wa mai gyara, don akwai kafasitocin da ke riƙe wuta ko an cire fulogi, ni dai katakon ne nawa. Yaya ya leƙo ya ce in sa samfefa mai kaushi in gurje in huta. Kun ji fa, mutumin da ya ɓata shi ne ke ba da shawara. Bai san kyakkyawan katakon da ake gani a waje ɓawo ne aka manna a kan filawud ba, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, in ka gurje shi da ƙarfi shi ke nan ka huda, gira da ido duk sun tafi. Maganin cire fenti na shafa, fentin ya kumbura na dinga kankarewa da guntun roba ina bin layin katakon, ba a gicciye ba. A ƙarƙashi na tarar da tsohon banish, na goga audugar sifirit bai motsa ba, da shalak ne, wani irin banish da sifirit ke narkarwa, da ya narke, sai da na sa tina ya saki. Gefen hagu ɓawon ya ɗaga, na ɗura gulu da sirinji na sa leda na danne ya kwana. Sannan samfefa mai laushi, mai lamba 320, da hannu, banish kaɗan-kaɗan, kowane shafi sai ya bushe in bi da mai lamba 400 kafin na gaba.

Sai yanzu nake tuna Inna ma ta sha faɗin maganar girar nan, lokacin auren Yaya na biyu, amma wannan labarin daban ne.

Maɓallan na Bakelite ne, robar nan da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, sheƙinta a fatar sama kawai yake don haka ba a kai mata samfefa, da tsinke na bi lungunan na cire koren, na goge da Brasso, maganin goge ƙarfe. Abin da ya gagare ni shi ne gilashin tashoshi. Sunayen biranen ta ciki aka buga su kuma ruwa kaɗan ke wanke su, Yaya kuwa da fenti ya ɗiga a kai ciro gilashin ya yi ya goge gaba da baya da jiƙaƙƙen tsumma. Landan ta tsira, Hilversum ta ƙasar Holan saura "sum", sauran babu. Idon da Baba yake nufi ke nan ina jin, don da sunayen nan yake laluben tasha.

A ƙasan akwatin na bar tabon koren fenti kamar faɗin babban yatsa, da gangan, saboda masu cewa ai ba a taɓa yi masa fenti ba. Watan jiya Yaya ya aiko ɗansa wai a ba shi rediyon ya sa a falonsa tunda shi ne babba. Na juya akwatin na nuna wa yaron tabon na ce ka gaida babanka. Abin da ya biyo baya a wajen Gwaggo sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.